Mayafina da Famfon Madam Afi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, da wata Lahadi a bakin Tafkin Togo, a shekarar da na gama lise, wato babbar sakandare. Shekarata goma sha tara a lokacin. Na ci jarrabawar fita da ake kira bak, ina zaune a gidanmu a sabon Zongon Lome ina jiran a kira sunana a jami'a. Ba ni da wani aiki sai karance-karance da rubuta waƙoƙi a wani littafi mai shuɗin bango, yawancinsu a kan teku (tekun da ban taɓa tsoma ƙafa a ciki ba, domin mu 'yan Zongo daga nesa muke gaisawa da shi). Mutanen gidanmu Madmazel suke kirana, rabi yabo rabi tsokana, ni kuwa yabon kaɗai nake ji.

Yayana Mumuni bakanike ne. Aji huɗu ya yi a lekol, wato makarantar boko, ya gudu gareji, amma Allah ya ba shi kunne: inji yana tari daga ƙarshen layi zai faɗa maka abin da ke damunsa. Ya fara da babura, ya koma injin kwalekwale, har wata hamshaƙiyar mai sayar da atamfa, Madam Afi, ta ɗauke shi ya riƙa kula da baburan ruwa guda huɗu da ta saya wa masaukin baƙinta a Agbodrafo, a bakin tafkin. Ga wanda bai taɓa gani ba, babur ɗin ruwa kamar babur yake, sai dai ba taya. A ƙarƙashinsa akwai rami mai ragar ƙarfe. Famfo yana zuƙar ruwa ta ramin, farfela tana murɗa ruwan a ciki ta feso shi ta baya da ƙarfi, feshin ne yake tura shi gaba. Wannan aikin ne yake riƙe da ɗakin Yaya, ga matarsa da tsohon ciki.

To sai baburan suka yi sanyi. Yashi ya cinye bakin farfelunsu, baƙi suna murɗa hannu inji yana ihu amma gudun kamar na kwalekwale. Madam ta sa ɗanta ya zo mata da sababbin kayan famfo kala biyu daga Faransa a cikin akwatinsa, ta damƙa wa Yaya. Ta ce ranar Lahadi tana da manyan baƙi. Ya zaɓi ɗaya ya ɗaura a nuna musu. In abin ya yi, za ta aika a kawo na sauran ukun, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. In bai yi ba, akwai wani bakanike a tashar jiragen ruwa da ya daɗe yana kai mata gaisuwa.

Yaya ya shigo da kayan a buhun shinkafa ranar Talata, ya zazzage su a kan tabarma a tsakar gida, ya miƙo mini wasu takardu masu sheƙi.

"Madmazel, zo ki karanta mini wannan. Faransancin ya yi mini ƙanana."

Na karanta. Daga nan kuma na ƙi mayar masa da takardun.

Bari in faɗi gaskiya, tun da aka haife ni ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau kamar farfelar nan ta biyu ba. Ta farko ba laifi, farin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, fukafukanta uku a ɗan kwance, ragarta mai sanduna shida a matse. Takardarta ma gajera ce, kamar wanda ya rubuta yana sauri: tana ɗaukar nauyi, tana tashi da wuri, ta dace da ruwa marar zurfi. Amma ta biyu, fukafukanta a murɗe suke kamar furen da bai gama buɗewa ba. Ragarta sanduna biyu ne kacal, da wani harshe a tsakiya kamar ludayi mai kwaso ruwa ya ɗura wa famfo. Takardarta shafi huɗu ce, da hoton wani Bature yana tsaga shuɗin ruwa gashinsa a tashe, da zane mai layi yana hawa sama. An rubuta cewa ita ce ta fi gudu, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Kwana uku na yi a kan takardun nan. Na samo rula na ja layuka, na yi gida-gida: nauyi, murɗin fukafukai, faɗin raga, gudu. Na sa tsohuwar farfelar alminiyon ma a layi na uku don a ga adalcina. Sannan na rubuta bayani yadda aka koya mana a lise, magana, kishiyar magana, sai a haɗa su a yanke hukunci (malaminmu na falsafa da ya gani da ya ba ni sha shida cikin ashirin, kuma bai taɓa ba kowa sha shida ba). Na ƙudura a raina cewa wannan karon za a ga amfanin karatun da ake tsokanata da shi. Ni zan ceci aikin Yaya. Har na fara jin yadda Inna za ta ba da labarin a gidan suna.

Ranar Juma'a na karanta masa hukuncina. Yana cin tuwo yana saurare. Da na gama, ya wanke hannu, ya ɗauki raga mai sanduna biyu, ya zura yatsunsa huɗu a tsakani suka wuce.

"Kin gani?"

"Na gani, Yaya. Shi ya sa take shan ruwa da yawa. Yana shafi na uku."

"Ruwa kaɗai suka ce tana sha?"

Na ce masa injiniyoyin da suka ƙera abin ba su san ƙasa da mu ba. Ya ce haka ne, sai dai bai taɓa ganin ɗayansu a Agbodrafo ba. Ya ɗauki buhunsa ya fita.

Ranar Asabar mai kitso ta zo. Ta tsefe mini kai duka, ta kitse ɓangaren dama, sai wani tunani ya faɗo mini game da layin nauyi, na ce ta dakata in gyara. Na shiga ɗaki ban fito ba sai da ta gaji ta tafi. Na ce ba komai, ai ɗankwali zai rufe.

Da sassafe ranar Lahadi na maƙale wa Yaya sai na bi shi. Na sa atamfata ta sallah, na ɗauko mayafin da na saya ranar da sakamakon bak ya fito, shara-shara, launin sararin sama bayan ruwa ya ɗauke, tsawonsa har yana jan ƙasa. Muka hau taksi ta hanyar Aného, teku a hannun dama, itatuwan kwakwa suna wucewa, ni da takarduna a cinya.

Muna isa, Yaya ko kallon babur bai yi ba. Ya naɗe wando ya shiga tafkin, yana tafiya a hankali yana lalube da yatsun ƙafa. Ya yi nisa sosai amma ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Ya sunkuya ya dumbuzo wani abu, ya dawo ya zube a gabana: ciyawa, guntun igiya, leda, da wani yanki na komar masunta.

"Karanta mini wannan kuma, Madmazel."

Na ja ƙafata don kada taɓo ya taɓa mini takalmi.

Madam Afi ta fito wajen ƙarfe tara, doguwa, ƙaƙƙarfa, da zinariya a kowane yatsa da makullai a ƙugu. Da yaren Mina suke magana da Yaya. Ya nuna mata mai sanduna shida ya ce ita zai ɗaura. Ta tambaye shi wacce ta fi gudu. Ya fara cewa, "Madam, gudu kala-kala ne..." Ni kuma na ga kamar yana nutsewa ne yana neman a miƙo masa hannu. Na matso na gaishe ta da Faransanci, irin na littafi, na buɗe takardata a kan teburi. Na yi magana, na yi kishiyar magana, na haɗa su. Ta bi layukan da farcenta har ƙasa.

"Mumuni, ashe kana da injiniya a gida kake ɓoyewa? Ɗaura wadda ta ce."

Da ta juya, Yaya ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

"Na ce ki karanta mini. Ban ce ki karanta mata ba."

Ya kwantar da babur a kan tsofaffin tayoyi, ya ɗaura zaɓina, ya ɗaure kowane noti sau biyu.

Kafin azahar baƙi sun cika rumfar bakin ruwa. Manyan ma'aikata ne da matansu, da wasu mata kusan ashirin da suka biyo daga taron jam'iyya (a lokacin in an ce jam'iyya ba a tambayar wacce, ɗaya ce), duk sun yi anko da atamfa mai hoton shugaban ƙasa. Ana gasa kifi, ana buɗe kwalabe. Madam ta tafa hannu ta ce za a nuna musu sabon famfo, kuma wannan yarinyar ce ta zaɓo shi da lissafi. Aka juyo ana kallona. Na ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Na ce zan hau bayan Yaya in riƙe agogo, don a san gudun da hujja. Ya miƙo mini rigar da ke hana nutsewa, ya ce, "Cire mayafin nan ki ɗaure a ƙugu." Na ce haba Yaya, a gaban mazan nan? Ya ƙyale ni. Amma ba kunya ce ta hana ni ba. Tun a taksi na riga na ga hoton a raina: ni a bayan babur, shuɗin mayafi yana tashi a bayana a kan shuɗin ruwa, har layin farko na waƙar ya zo mini. Na yafa shi a kan rigar, na maƙale shi da ɗankwalina da fil uku don kada iska ta ƙwace.

Kuma wallahi abin ya yi gudu. Wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Da Yaya ya kai tsakiyar tafki inda ruwa ya fi zurfi ya murɗa hannu, sai gaban babur ya ɗaga, ruwa ya rabe biyu, gidajen Togoville da ke tsallake suka taho mana da gudu. Mayafina ya tashi, daidai yadda na gani a raina, yana kaɗawa yana waƙa a kunnena. Na manta da agogon ɗungum. Na ce a kunnen Yaya, "Ka gani?" Ya ce, "Riƙe ni da kyau."

Muka juyo. Da muka matso rumfa ya sassauta, ana ta tafi, matan anko suna guɗa. Na saki hannu ɗaya ina ɗaga musu kamar matar gwamna. Abin da ban lissafa ba a dukan gidajen takardata shi ne, in babur ya rage gudu iska ma ragewa take yi. Mayafin ya sauko a hankali ya kwanta a kan ruwa ta gefen hagu, ya jiƙe, bakinsa ya lallaɓa ƙarƙashin babur.

Madam ta yi nuni da hannu a sake zagaye ɗaya. Yaya ya murɗa.

Na ji an fizgi kaina baya kamar yadda Inna take yi in na ƙi tsayawa a taje ni. Fil ukun nan ba su ci amanata ba, sun riƙe gam, don haka mayafi da ɗankwali tare suka tafi. Na ga shuɗin yadina yana shigewa ƙarƙashin ruwa kamar taliya a bakin yaro. Inji ya yi wani gurnani, ya yi tari biyu, ya mutu.

Shiru ya sauka a tafkin. Muna tsaye taku talatin daga rumfa, babur yana lilo, ni a zaune a baya, hannuna ɗaya har yanzu a sama, kaina a buɗe: dama kitso shiri-shiri, hagu kuwa gashi a tsefe, iska ta busa shi ya miƙe kamar tsintsiyar da aka jingina. Wata daga cikin matan ce ta fara, wata 'yar dariya ta hanci da ta yi ƙoƙarin mayarwa tari. Daga nan rumfar duka ta ɗauka. Har mai gasa kifi ya ajiye wuƙarsa ya riƙe ciki.

Na so in nutse, amma ko wannan tafkin bai ba ni ba, ruwan iya ƙugu ne, ga rigar hana nutsewa a jikina.

Yaya ya sauka cikin ruwa. Ya fara duba wuyana, ya ga lafiya lau, sannan ya zaro tsumman da yake goge baƙin mai daga aljihu ya miƙo mini.

"Rufe kanki. Sauko ki tura."

Na ɗaura tsumman, na sauka da atamfar sallah, muka tura babur har gaci, taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya a hanya. Muka kwantar da shi a kan tayoyi. Mayafin ya naɗe sandar farfela tam, ya cushe ramin. Yaya ya zura hannu, yatsunsa suka shiga amma wuyan hannunsa ya ƙi. Na ce ya ba ni wuƙar. Hannuna ya wuce tsakanin sandunan nan biyu har gwiwa, ba ko gogewa (a nan ne na fahimci abin da ya nuna mini ranar Juma'a, kwana biyu bayan lokacin da yake da amfani). Na durƙusa a yashi ina yanka ina zarowa, zare-zare, ina tarawa a gefe.

Inuwa ta rufe mu. Madam ce, ba dariya a fuskarta.

"Mumuni, ka kunyata ni a gaban baƙina. Gobe ka kawo mini makullin ɗakin kaya."

Yaya ya ce, "To, Madam." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai nuna ni ba, bai ce komai a kaina ba, ya ci gaba da kwance noti. Wannan ya fi dariyar zafi.

Na miƙe, ruwa yana zuba daga zanina. Faransancin ya gudu ya bar ni, sai 'yar Minar kasuwa da nake sayen tumatir da ita. Na ce mata ni ce na zaɓa, ita ma shaida ce. Ya nuna mata ɗayar tun da safe, ni na shiga gabansa. Mayafin ma ya ce in cire na ƙi. Na ce in korar ce ni ya kamata a kora, sai dai ba a ɗauke ni aiki ba balle a kore ni. Na roƙe ta ta ba shi awa ɗaya ya ɗaura wadda ya zaɓa, in ita ma ta mutu to ta karɓi makullinta. Ta juya za ta tafi, na sha gabanta na sake faɗa daga farko. Ban san inda na samo wannan taurin kai ba, ni da ko ciniki ba na iya ja.

Ta dube ni daga tsumman kaina har takalmina da ya rage ɗaya. Sannan ta sunkuya ta ɗauki guntun mayafin, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ja, ta ɗaga shi a rana.

"Wanda ya sayar miki da wannan, siliki ya ce miki?"

Na ce e.

"Nailan ne, 'yata. Da siliki ne da ya tsinke ya wuce." Ta sake ja, ta dubi tarin ciyawa da igiya da Yaya ya zube da safe, har yanzu yana nan a bakin ruwa. "Komar masunta ma nailan ce."

Ta jefar da guntun ta juya wurin Yaya. "Awa ɗaya, Mumuni. Injiniya kuma ta riƙe maka sifana, kada ta buɗe baki."

Ban buɗe ba. Na miƙa sifana, na riƙe noti, na wanke ramin da bokiti. Kafin awa ta cika mai sanduna shida ta hau. Madam ta zaɓo mafi ƙiba a cikin baƙin, wani babban ma'aikacin kwastan, ta ce shi zai gwada. Babur ya tashi da shi ba gardama. Yaya ya nuna masa ya bi ta gefen ciyawa da gangan, ya bi, ya fito, inji bai ko yi tari ba. Bai kai gudun tawa ba (ina so a rubuta wannan a ajiye), amma ya zagaya sau biyar ya dawo da ƙafafunsa a bushe, yana cewa a ƙara masa. Madam ta ce wa Yaya ya riƙe makullinsa, gobe za ta aika a kawo uku irinta.

Da za mu tafi, wadda ta fara yi mini dariyar nan ta zo ta ja ni gefe. Ta ce ba za ta bar 'yar mutane ta shiga gari da tsumman gareji ba. Ta zaro ragowar yadin ankonsu daga jaka ta ɗaura mini da kanta, ta gyara shi yadda hoton shugaba ya zauna daidai a goshina. Haka na koma Lome. A shingen jandarma, wanda ya leƙo taksin ya dubi goshina ya gyara tsayuwa ya ce mu wuce. A Zongo na bi layinmu da takalmi ɗaya da jiƙaƙƙen zani, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu, kowa ya kalle ni sai ya kalli ƙasa ya cije leɓe, domin a shekarun nan ba wanda zai yarda a gan shi yana dariya yana fuskantar wannan hoton. Sai da Yaya ya rufe ƙofar gida, Inna ta dube ni ta ce, "Madmazel, famfo kika je zaɓa ko rawar jam'iyya?" sannan gidan ya fashe.

Na ci gaba da karanta wa Yaya takardu shekaru da yawa bayan haka, har da na Ingilishi da ake kawowa ta Ghana. In na kai ƙarshen shafi sai in ninke in miƙa masa, in tambaye shi abin da ƙafarsa ta taka a ƙasan ruwa. Abin da na koya bai wuce wannan ba: duk takardar da ta yabi abu da yawan ci, a tsaya a tambaya me da me yake ci, kuma in mai karatun ce mafi kusa da bakinsa, ta fara tattare kayanta.